Alewar Glenna Kashi Huɗu

Tun da noman taba ya mutu a wannan yanki namu na Kentucky mutane suka koma shuka hemp, alewar delta-8 da ake yi da ita ta cika gari, har a gidajen mai ana jera ta kusa da cingam. Hemp ƙanwar wiwi ce, ba ta kai yayarta ƙarfi ba, amma abin da ake sarrafawa daga jikinta a zuba a alewa yana bugarwa, kuma duk wanda ya ce maka ba ya bugarwa bai ci ba ne. A cikin masu sayarwar nan kaf, mutum ɗaya ce za ka tura mahaifinka wurinta hankalinka kwance, ita ce Glenna Pruitt, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana aikin jinya kafin ta buɗe ɗan shagonta a gefen shagon aski.

Verlon Sizemore mijin marigayiya yayarta ne. Ƙato ne, shekararsa saba'in da ɗaya, ga gwiwa ta ci amanarsa, ga taurin kai tun na ƙuruciya. A watan Maris ya faɗi a bayan tsohon rumbun taba, ya kwanta awa biyar da waya a aljihunsa bai kira kowa ba, sai mai kawo wasiƙa ne ya tsince shi. Daga ranar 'yarsa Tamra ta fara maganar gidan kula da tsofaffi a birnin Lexington. Ta ce ranar Asabar da ƙarfe huɗu za ta zo ta ga yadda yake da idonta, sannan a yanke magana. A gidan gonar nan aka haifi Verlon, a nan matarsa ta cika, kuma in an raba shi da shi ya san ba zai daɗe ba.

Ranar Alhamis ya ɗingiso shagon Glenna.

"Ba ni kwalba guda ta alewar nan da ake cewa tana kwantar da ciwo."

"Sannu da zuwa, mijin yaya. Gaisuwar ma ta yi maka tsada?" Ko kallon kwalaben ba ta yi ba. "Waɗanne magunguna kake sha?"

Ya lissafa mata da ƙyar. Ta ɗauki waya ta kira mai kantin magani na garin, ta karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta saurari amsarsa, Verlon na tsaye yana huci. Sai da ta ajiye wayar sannan ta buɗe kwalba, ta fito da alewa ƙwaya ɗaya tak, ja, mai danƙo. Ta ɗora ta a kan faranti, ta sa reza ta raba ta huɗu, ta naɗe kowane yanki a takardarsa daban. Haka take yi wa duk sabon shiga, ko limamin coci ne. Kwalba sai wanda ya dawo ya faɗa mata yadda ta farkon ta yi masa.

"Wannan abincin kaza ne? Dube ni fa, Glenna. Ni da nake shan wiski kofi uku in tashi in gyara shinge."

"Shingen da ya karkace har yau? Saurara. Miligiram ashirin da biyar ne a ƙwaya ɗaya, kowane yanki shida da ɗan ɗori. Ɗaya za ka ci. Girman jiki ba ruwanta da shi. Kuma ba wiski ba ce da za ka ji ta tun tana maƙogwaro, sai ta bi ciki ta zagaya, wani lokacin awa biyu. Kada ka ƙara kafin gobe. Ba tuƙi, ba tarakta, ba barasa a kai. Ka zaɓi ranar da ba ka da abin yi, Lahadi bayan coci. Ba na yi maka alkawarin za ta warkar da gwiwa ba, wasu tana sassauta musu, wasu barci kawai take sa su."

"To, Likita."

"Maimaita abin da na ce."

Ya maimaita kamar ɗan firamare, yana hararar silin.

Asabar da safe gwiwar ta tashi da shi da zafi irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ya hango kansa yana jan ƙafa a gaban Tamra, tana kallonsa da idon nan nata na tausayi da ya fi zagi ciwo. Ƙarfe goma sha ɗaya ya warware takarda ɗaya ya tauna. Ya jira minti arba'in, shiru. Ya duba agogo, ya duba gwiwa, ya ce Glenna dai ta raina shi ne. Ya warware sauran ukun ya haɗa su a baki ɗaya. Mutanenmu ke nan: da kofin wiski suke auna komai, abin da bai yi magana nan take ba a wurinsu ruwa ne.

Wajen ƙarfe ɗaya abin ya iso gaba ɗayansa. Bakinsa ya bushe ƙamas. Zuciya ta shiga bugawa har yana jin ta a kunne. Ya miƙe zai ɗebo ruwa, ɗakin girkin ya yi masa nisa kamar yana ƙetaren kogi, ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya dafa bango ya zame ya zauna a baranda. Ya kalli agogo, ɗaya da minti goma. Ya yi tunanin duniya da lahira, ya sake kallo, ɗaya da minti goma sha ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko a bayan rumbu. Wayar tana aljihunsa. Ya daɗe yana shafa ta, kunya na hana shi, sannan ya fito da ita.

"Glenna. Ina jin mutuwa zan yi."

"Guda nawa ka ci?"

"Duka."

"Ƙirjinka na ciwo? Numfashi na fita?"

"Ba ciwo. Bugawa dai yake yi."

"Zauna inda kake, kada ka tashi. Ga ni nan."

Ta rufe shagonta a tsakiyar cinikin Asabar. Minti goma sha biyar a-kori-kurarta ta tsaya a ƙofar gidan. Ba ta yi masa faɗa ba, ita da bakinta ba ya raga wa kowa. Ta kama wuyan hannunsa tana duban agogonta, ta leƙa idanunsa da suka yi jajir, ta sa ya matse mata yatsu da hannu biyu, ta sa ya faɗi ranar haihuwarsa.

"Ba yau ba ce ranarka, tsoho. Yawa ka yi, kuma zai wuce, amma sai ya ɗauki lokacinsa. In ƙirji ya fara ciwo ko ka fara shirme, motar asibiti zan kira, ba sai na tambaye ka ba. Sha ruwan nan a hankali."

Ta taimaka masa ya hau kujerar lilo, ta lulluɓe masa ƙafa. Ta shiga lambu ta tsinko ɗanyen wake cike da kwando, ta zauna kusa da shi, ta zuba masa rabi a cinya.

"Karya min. Hannu in yana aiki, kai ba ya yawo."

Suka yi ta karya wake. Duk bayan ɗan lokaci sai ya tambaye ta ko zai dawo daidai, ita kuma ta amsa masa da murya ɗaya, kamar karo na farko ke nan da ya tambaya. Sau tara ya yi tambayar. Ta ba shi labarin yadda ya zo neman yayarta da takalmi wari daban-daban, ya yi dariya har da hawaye, daga nan ya ce yunwa yake ji, ya cinye burodin masara rabin faranti. Wajen uku da rabi bugun zuciyar ya lafa, hankali ya fara dawowa, tare da shi kuma tunanin ƙarfe huɗu.

"Glenna, don girman Allah, ki ce mata mura ce."

"Ba zan yi wa 'yar yayata ƙarya ba. Kuma kai za ka faɗa mata, ba ni ba."

"Za ta kai ni Lexington."

"Wataƙila. Faɗa mata dai."

Tamra ta iso ƙarfe huɗu saura kaɗan. Tun daga matakala ta ga idanun mahaifinta, fuskarta ta canza.

"Baba, me ya same ka? Anti Glenna, me ya faru?"

Glenna ta ci gaba da karya wakenta. Verlon ya faɗa da bakinsa, a hankali, bai rage komai ba: an ce ɗaya, ya ci huɗu, don kada ta gan shi yana ɗingishi. Tamra ta juya kan innarta, ranta a ɓace.

"Ke kika ba shi wannan abin?"

"Ni ce. Ƙwaya ɗaya na ba shi, da gidan mai ya tafi, kwalba guda za su miƙa masa. Ki yi fushi da ni in kina so, kina da hakki. Amma ki tambaye shi yadda aka yi na zo nan."

Tamra ta dubi mahaifinta.

"Kiran ta na yi," in ji shi.

"Kai ka kira? Da kanka?"

"Minti goma na yi ina tunani. Amma na kira."

Ta zauna a kan matakala, jakarta a cinya. Ba gwiwar ce ta hana ta barci tun watan Maris ba, awa biyar ɗin nan ne da waya a aljihu. Ta ɗago ta dube shi.

"Me ya sa ba ni ka kira ba, Baba?"

"Tsoronki nake ji, Tamra. Duk abin da na faɗa miki, sai ya zama dalilin raba ni da gidan nan."

Glenna ta tattara kwandon ta shige ɗakin girki, ta ja ƙofa a bayanta. Tamra ta matso ta ɗora kanta a kan gwiwar mahaifinta, mai lafiyar, ta yi kuka kaɗan.

"Ba zan ɗauke ka ba," ta ce. "Amma daga yau, ko ƙaya ce ta soke ka, ni za ka fara kira."