Wurinka Na Nan, Baba

Maigidana yana tsaye a tsakar gida cikin sabon kaki, yana juyawa don in ga bayan rigar, ni kuma ina tankaɗe ina dariya.

"Bar dariya, Rabi. Helman leburori na gabanki. Obasiya, babbanmu, yac ce riƙon ƙwarya ya ƙare, an tabbatar min."

"To, helma. Sai kuma mi?"

"Sai mi? Da rani in shiga ajin yaƙi da jahilci, in iya boko. Wanda ya iya rubuta sunan lebura shi ka zama obasiya. Ga sabuwar hanyar Goronyo ana batu, za a so mutum can. Ki ga keke ƙofar gidan ga. Ni dai ba ni tsufa bisa hanya ina shan jar ƙasa kamar..."

Tari ne ya katse shi, daga bayan zana. Tari mai nauyi, irin wanda yake fitowa daga ƙasan ciki.

Rariyar ta tsaya a hannuna. Mun manta cewa bayan la'asar maƙwabciyarmu Inna Husai takan fito da mijinta, Baba Bube, gindin ceɗiya ya sha iska, kuma zana ɗaya ce ta raba mu da ceɗiyar.

Baba Bube shi ne helman leburorin hanyar Wurno zuwa Rabah tun kafin a kawo ni gidan nan. Shi ya ɗauko maigidana daga dakon albasa a fadama, ya sa shi aikin En'e, wato hukumar gargajiya, ya koya masa yadda ake yi wa hanya doro don ruwa ya zurare. Da ruwan farko na bana ƙafafunsa suka kumbura, sannan ciki. Aka ce maigidana ya riƙe masa mutane kafin ya tashi. Damina ta yi nisa, bai tashi ba.

"Ma'azu!" Muryar Baba ce. "Kana ciki?"

Maigidana ya tuɓe kakin kamar wuta ta kama shi, ya zura tsohuwar taguwarsa. Na zuba kunun kanwa a ƙwarya na bi shi.

Baba yana jingine da jikin itacen, an tara masa tsumma a baya. Fuskarsa ta zube, ƙafafun kuwa sai ƙyalli suke. Ya tambayi kwalbatin kusa da Lahodu, ko ruwa ya ci gefenta. Ya tambayi wani lebura Mode, ko har yanzu yana ɓuya bayan kalgo ya bar wasu da diga. Maigidana yana amsawa, idonsa a kan tabarma.

"Obasiya bai ce komi ba?"

"Bai ce ba, Baba. Riƙo na kawai. Wurinka na nan."

Baba ya dube shi. "Madalla," ya ce. "To ji. In Allah ya tashe ni, ba ni komawa wagga hanya. Goronyo za ni roƙa, can ƙanena yake. Kai ka zauna nan. Kuma ka shiga ajin ga da aka yi. Ni kaina ya bushe, naka da saura."

Inna Husai ta karɓi kunun, ta yi godiya, ba ta kalle ni ba.

Daga ranar maigidana ya riƙa naɗe kakin a cikin buhu, sai ya wuce gari ya kai tsamiyar bakin hanya sannan ya sa. Ni ma na daina daka da waƙa. Na riga na aika wa innata a Kwargaba cewa surukinta ya zama helma, kuma da na tuna irin murnar da na yi ina faɗa wa ɗan aiken, sai in ji kunya. Kullum ina kai kunu. Kullum Baba yana tambayar hanya, kullum ana ce masa wurinsa na nan.

Ran da Baturen injiniya zai zo duba hanya, gari na wayewa Inna Husai ta leƙo ta saman zana.

"Rabi, maigidanki ya hita? Baba ka kiranai."

Maigidana yana cikin zaure, buhun a hammata. Na je na gaya masa a hankali.

"In na shiga ba ni hitowa da wuri," ya ce. "Bature ba shi jira, kuma yau na za a ga aikina. Ce mata in na dawo."

Na koma bakin zana. "Ya riga ya hita, Inna."

"To, Allah shi maido shi lahiya."

Da hantsi ta sake kirana, wannan karon da wata irin murya. Na tarar da Baba a ɗaki, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ta aika a kira liman, ta ce in riƙe masa kai ta ɗiga masa ruwa. Ya buɗe ido ya gane ni.

"Ma'azu bai dawo ba?"

"Bai dawo ba, Baba."

"Ki ce mai..." Ya huta. "Shi riƙa sa rigatai tun daga gida. Helma ba shi sa kaya cikin daji kamar ɓarawo. Ni nac ce ma obasiya shi ba shi wurina. Na so shi zo shi nuna min."

Liman ya yi sallama, muka ja gefe. Kafin azahar Baba ya cika da kalmar shahada.

An aika mutum a kan jaki ya kira maigidana, amma leburorin sun bi Bature har kusa da Rabah. Sai bayan la'asar maigidana ya shigo gari cikin taguwarsa, ƙafafu jajir, fuska a sake, don Bature ya yaba da aikin. Ya tarar da tabarmi a ƙofar gidan Baba, mutane sun riga sun dawo daga maƙabarta.

Sai da ya gama karɓar gaisuwa tare da dangi ya shigo. Na ajiye masa ruwa, na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba.

"Shi yac ce a ba ni?"

"Haka yac ce."

Ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya sa hannu a ruwan, bai wanke komai ba. Can ya ce, "Da kin matsa min, Rabi."

"Da na matsa," na ce.

Bayan sadakar uku ya koma aiki. Ya sa kakin a ɗaki, ya ɓalla maɓallan har wuya. Leburori suna jira a waje da shebur da kwanon sarki. A ƙa'ida helma yakan busa usur a ƙofar gidansa kafin a tashi, amma shi hannu kawai ya ɗaga musu. Ya cire takalmansa ya riƙe, suka wuce ƙofar Baba.

Na shiga wurin Inna Husai in taya ta aiki. Tana zaune cikin kayan takaba, faifai a cinya, tana tsince shinkafa. Mun jima a haka, sannan muka jiyo usur daga can bakin gari, siriri, sau ɗaya. Ta ɗaga kai ta saurara har ya ɓace. Sai ta matsa mini a kan tabarma, ta turo faifan tsakaninmu.