Tukunyar Dona Zulmira a Gindin Jatoba

Valdomiro ne ya cuci Dona Zulmira, ba wani ba. Shi ɗin dai, mai gadin ƙofar gandun dajin jiha, wanda ta riƙe a hannu a coci ranar da aka yi masa baftisma, ya tsula mata fitsari a riga ta ce albarka ce. Ya dubi tsabar idonta ya ce, "To, madrinha," wato uwarsa ta baftisma, alhali ya san abin da ya sani.

Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk makon Ista, Zulmira da mijinta Seu Anacleto suna hawa tudu su kafa tanti a bakin rafi, gindin wata bishiyar jatoba. Kowa a ƙauyen ya san yadda ake kama wuri. Ranar Lahadi kafin Ista ka hau, ka jera duwatsun murhu uku, ka kife tukunyarka a kai. Shi ke nan. Ko ɓarawon kaji ba ya taɓa kifaffiyar tukunya. Tata baƙa ce ta ƙarfe, kunne ɗaya a karye, har 'ya'yan mutane sun gane ta.

Bana kuwa ba irin sauran shekaru ba ce. Tun Nuwamba ɓarin jikin Anacleto ya shanye, bakinsa ya mutu. Likita ya ja Zulmira gefe ya ce da wuya ya ga bikin São João na watan Yuni. Wata huɗu mutumin nan bai ce uffan ba. Sai ran nan tana yi masa aski, ya riƙe mata hannu da hannun da ya rage masa, ya yi ta kokawa da harshensa har ya fito da kalma ɗaya: "Jatoba."

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar Lahadi Zulmira ta hau bas zuwa mararraba, ta taka sauran da ƙafa, da tukunya a ka da shekara sittin da takwas a gwiwa. Ta jera duwatsu, ta kife. Da za ta fita ta leƙa ɗakin gadi.

"Valdo, na kife tawa. Alhamis za mu zo da ubanka na baftisma. Kada ka bari wani ɗan iska ya raɓi wurin."

Ya sosa ƙeya. "To, madrinha. A gaishe shi."

Alhamis da hantsi suka iso a tsohuwar a-kori-kurar Seu Onofre, maƙwabcinsu mai tallar kabewa. Anacleto a gaba an tokare shi da matashin kai, keken guragunsa a baya tare da tanti, da wake, da garin rogo, da kifin gishiri na Juma'a. 'Yarsu Jandira ta baro aikinta a birni ta zo don wannan. A ƙofa suka tarar da sanda a gicciye, da wata ma'aikaciya da ba su sani ba.

"Ina lambarku?"

"Lambar me?" in ji Zulmira.

"Ta kama wuri, senhora. Ta waya ake yi yanzu, tun farkon shekara."

"Yarinya, tun uwarki ba ta san maza ba nake kwana a dajin nan. Kira min Valdomiro."

"Ya ɗan zaga..."

"Valdomiro! Ga takalminka nan ina gani ta ƙarƙashin ƙofa! Fito, ɗan Benedita, ko in shigo!"

Ya fito da hula a hannu, ƙato da shi, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Wai tsari ne ya canja. Wai daga babban birnin jiha aka turo. Wai ko masu yini ɗaya ma sai da lamba, kuma na Ista sun cika.

Zulmira ba ta tsaya jin sauran ba. Ta sunkuya ta ƙarƙashin sandar ta nufi rafi, ma'aikaciyar na kira. Duk inda ta saba gani an kakkafa turaku da farin fenti, kowanne da rubutu. A gindin jatoba ga wani shuɗin tanti kamar ƙwan jimina, ga kujeru masu naɗewa. Duwatsunta an watsar. Tukunyarta kuwa an birkice ta an cika da ruwa, wani farin kare mai gashi kamar tunkiya yana sha.

Mai tantin ya miƙe, wani mai gilashi da gajeren wando. Ba mutumin banza ba ne, gaskiya ɗaya ce. Ya nuna mata wayarsa: wuri na goma sha huɗu, tun Janairu ya kama. Tukunyar kuma ya ɗauka wani ne ya manta.

"Wanda ya manta tukunya yana kife ta a kan murhu? A garinku haka ake mantuwa?"

Da ya ji labarin Anacleto jikinsa ya yi sanyi. Ya ce a kawo tsohon ya zauna a inuwa ko yini nawa ne, shi ba ya so ya ɗauki alhaki. Ta zubar da ruwan ta ɗauki tukunyarta, ya biyo ta har ƙofa ya faɗa da bakinsa. Ma'aikaciyar ta ce ita ba za ta iya ba, na'ura na ƙirga duk wanda ya shiga, takardarsa kuma mutum biyu ce da kare.

"Da kare," in ji Zulmira. "Onofre, ka ji? Kare yana da lamba."

"Na ji, comadre, maƙwabciyata. Da na sani da na yi haushi a ƙofa."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Anacleto na zaune a mota, ido a kan hanyar da ta gangara rafi. Daga nan ana hango kan bishiyar, ba a hango ruwan.

Jandira ta ce a nemi wani wuri. Waya ba ta kamawa sai an hau rufin mota, don haka ta hau, mace mai 'ya'ya uku, tana ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Ta ce akwai zango a dajin jiha na bayan dutse. Suka yi tafiyar awa guda a kan hanya mai ramuka, kan Anacleto na bugun gilashi, suka tarar ya cika har da masu jira a bakin titi. Aka ce su gwada na wajen madatsar ruwa. Suka je, gada ta karye tun ruwan Fabrairu, amma a waya yana nan a buɗe, har da hoto. Na ukun filin wani mai mashaya ne, ba bishiya ko ɗaya, an jera motoci kowace da kiɗanta, ana gasa nama hayaƙi ya turnuƙe.

"Mama, mu kafa a nan mana, ko kwana ɗaya. Daji daji ne."

"Ubanki daji ya ce? Kin ji ya ce daji?"

La'asar ta yi. Tsohon ya jiƙa wandonsa tun azahar ba wanda ya lura, rana ta dafa shi ta gilashi, leɓensa ya bushe. Suka juya gida. Ranar Juma'a Zulmira ta dafa kifin da kwakwa yadda yake so, ta kai masa cokali baki, ya datse haƙora ya juya fuska bango. Asabar zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya kama. Likita ya zo ya ce ko tsakar gida kada a sake fitar da shi. Kalmar nan kuma bai ƙara faɗinta ba.

Litinin da safe Zulmira ta ɗauki tukunyar, ba ta ko wanke ta ba, ta tafi ofishin gandun daji a cikin gari. Shugaban wurin, wani Seu Everaldo mai ƙamshin turare, ya ba ta kujera, ya sa aka kira Valdomiro. Ya ce sun sanar, sun sa a intanet, sun kuma liƙa takarda a ƙofa.

"Takarda. Ka ga na yi kama da mai karatu? Rabin ƙauyenmu da babban yatsa suke sa hannu. Wa kuka rubuta wa?"

Ya ce abin takaici ne ƙwarai. Ya danna na'urarsa, ya ce mako mai zuwa goma sha huɗu babu kowa, zai ba su kyauta. Sannan don ya nuna tsarin nasu ba shi da laifi, ya ƙara da cewa ai da an yi magana da wuri, ga na goma sha biyar ma sai ranar Talata aka kama shi.

Goma sha biyar. Taku goma daga gindin jatoba, inuwa ɗaya, ruwa ɗaya. Ranar Lahadin da ta kife tukunya yana nan ba mai shi, Litinin ma haka.

Ta juya ta dubi Valdomiro.

"Madrinha, wallahi sha huɗu kawai na duba. Da na ga an kama, na rasa ta inda zan fara gaya miki. Kin san bakinki."

"Bakina. Ka ji tsoron bakina, ba ka ji tsoron Allah ba. Mutumin da ya koya maka ɗaura ƙugiya a rafin nan, ka bar shi a mota kamar buhun kabewa."

Everaldo ya ce a yi haƙuri, shi ma umarni aka ba shi daga sama. Na saman kuma, in ji shi, kamfani suka ba aikin. Kamfanin kuma na'ura ce ke rabawa.

Zulmira ta miƙe. Ta ture takardun da ke kan teburin, ta ɗauki tukunyar ta kife a tsakiya, har sauran ƙasar rafi ta zubo a kan gilashin teburin.

"To na kama nan. Valdo ya san ma'anarta, ya gaya maka. Ba na son mako mai zuwa, ku ba kare. Na'ura ba ta ce min 'to, madrinha' ba, na'ura ba ta liƙa wa makafi takarda ba. Mutum ya yi, mai suna, mai uwa. Shi nake so. Ya bi ni gida, ya tsaya a gaban gadon Anacleto, ya dube shi ya gaya masa dalilin da ya sa bai ga ruwan nan ba. Tukunyar nan ba ta tashi, ni ma ba na tashi. Wa zai je a cikinku?"