Kafin a Ƙwanƙwasa Ƙofa

Yaran yanzu masu kallo a tafin hannu ba za su gane ba, amma a shekarar casa'in da huɗu, in kana son ganin fim a Madarunfa, to sai rumfata. Ni ne Gambo mai bidiyo. Rumfar zana ce a bayan tasha, benci shida, tele ɗaya, da wani injin wuta mai taurin kai da ba ya tashi sai na zage shi. Dala biyar kowane mutum. Mukan fara bayan azahar mu tashi kafin magariba, don limamin unguwa ya ja mini kunne tun ranar farko.

Sani direba ke kawo mini kaset daga Maradi, ko na Indiya ko na 'yan karate. Wata ranar kasuwa ya miƙo mini ɗaya, a jikin kwalin ga wani ƙato ya ɗaga ƙafa sama. Rumfa ta cika maƙil, na saka. Ina karate! Wata Baturiya ce a madafa tana yanka albasa, ƙaramar ɗiyarta na jan ta da rigima, miji na can yana gyaran kujera. Yaren kuma ba Faransanci ba, ba Turancin Najeriya ba. Har 'yan lakwal, masu karatun boko, da ke bencin gaba sun yi zuru.

"Gambo, kuɗin naushi muka biya, ka kawo mana yankan albasa?" in ji Adamu mahauci, sarkin bakin gari.

A gindin zanar, ta waje, akwai wani dattijo, Baba Tanko, mai ɗinke wa masuntan tabki komarsu. Inuwar rumfata yake sha, bai taɓa shiga ba. Duk gari labari ɗaya aka san shi da shi: wai yana saurayi ya bi ta Kalaba ya haye teku zuwa wani tsibiri da yake kira Fanya, ya yi shekara goma sha huɗu yana gadin siton koko, ya iya yarensu, ya auri 'yar ƙasar, har suka haifi ɗiya. Amma ya dawo ba mata, ba ɗiya, ba ko hoto. Wa zai yarda? Kusan shekara ashirin ana tsokanarsa: "Baba Tanko, ina labarin amaryar cikin ruwa?" Ni ma na sha yi, Allah ya yafe mini.

Ina shirin cire kaset ɗin sai ga Baba Tanko ya ɗaga buhun da ke bakin ƙofa, basilla a hannu, zaren koma na bin ƙafarsa.

"Bar shi," ya ce. "Cewa take su wanke hannu, miya na hucewa."

Rumfa ta kwashe da dariya. Adamu har da dukan cinya. Ko a jikin Baba Tanko, idonsa na kan tele. Mutanen fim suka zauna, uwar ta zuba abinci, ba a kai loma uku ba aka ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Baba Tanko ya ci gaba: "Na waje ya ce motarsa ta mutu a hanya, a taimaka masa da ruwa. Mijin ya ce kada ta buɗe. Ita kuma ta ce ruwa ne kawai."

Ta buɗe. Maza uku suka afko, kowa ya rufe kansa da buhu mai hujin ido. Wata mata a bayana ta saki salati.

"Yanzu ta ce wa yarinyar ta gudu ta shige ƙarƙashin matakala, kada ta yi motsi."

Wallahi bai rufe baki ba yarinyar ta ruga ta shige ƙarƙashin matakala. Ya ce babban cikinsu ya aiki ɗaya ya tsinke wayar gidan, sai ga shi an je an tsinke. Rumfa ta yi tsit, ba ka jin komai sai injina. Gani ya kori ji. Da fim ya ƙare, wani mushe, malamin koleji, da ya leƙo ya ce ai Sifaniyanci ne, yaren Turawan Fanya. Adamu ya cire hularsa, ya sosa kai, ya ce, "Ashe da gaske akwai amaryar." Ba wanda ya yi dariya.

Kai, gari ya ɗauka! Daga Safo, daga Gabi, har garin Sarkin Yamma, a kan amalanken jakai ake zuwa ganin fim ɗin masu buhu. Na ajiye wa Baba Tanko kujera kusa da tele, yana fassara, jama'a na yi wa Baturiya ihu kada ta buɗe, kullum kuma sai ta buɗe. Matan unguwarmu da ba su taɓa rufe zaure ba suka koma tokare shi da turmi. Abin da ya fi ci wa tsofaffi rai ba jinin ba ne, a'a: gida na ta kururuwa, maƙwabci ko ɗaya bai leƙo ba. Wace irin ƙasa ce wannan?

Ran nan da hantsi ina shara, sai ga Baba Tanko.

"Gambo, ɗana, tada mini injin nan. Farkon kawai zan gani."

Na yi gunaguni, don man injin ba daga tabki nake ɗebo shi ba, amma na tada. Ya zauna shi kaɗai, bai fassara komai ba, bakinsa kawai ke motsi tare da na matar. Ana ƙwanƙwasa ƙofa ya ɗaga hannu. Na kashe.

Washegari ya dawo. Jibi ma haka. A rana ta huɗu na kasa haƙuri.

"Baba, mi ke cikin yankan albasar nan?"

Ya nuna tele da haɓa.

"Haka uwar ɗiyata Mardiyya ke faɗa in abinci ya nuna. Kalma ba ta bambanta ba. Mu ma muna kan ci aka buga mana ƙofa, da rana tsaka. Nawa ba su ma rufe fuska ba. Suka ce baƙi su fita daga ƙasar, jirgin ruwa na jira. Ni baƙo ne, ita 'yar gida, yarinya kuma shekararta huɗu. Na taso da miya a hannuna, Gambo. A cikin jirgi na wanke shi."

Na tuna sau nawa na tambaye shi amaryar cikin ruwa, kunya ta rufe ni. Tun daga ranar ban sake yi masa zancen mai ba.

To amma kaset ba ƙarfe ba ne. Da hantsi a yi farko, da azahar a yi shi duka, a mayar baya, a sake. Kafin wata biyu hoton ya fara rawa, fararen layuka na ratsa fuskar matar, muryarta na ja kamar ta mai mura. Sau biyu bidiyon ya tauna zaren, na zaro shi da tsinke, na miƙar da shi a cinyata, na liƙe da jan farcen matata Habiba. Na roƙi Sani ya nemo wani irinsa. Ya zaga Maradi, ya leƙa Jibiya, ya dawo ya ce mai shagon ma bai san ta inda ya shigo kwalin karate ba. Na san aikina: kaset ɗin nan in ya yi zagaye biyar nan gaba, ya yi ƙoƙari. Kuma farkon, wurin Baba Tanko, shi ya fi jin jiki.

Ga ranar kasuwa ta matso, mutanen Gabi sun aiko a riƙe musu benci biyu.

Kada in yi muku ƙarya, na so in ci kasuwar nan. Har na share rumfa na ƙaro benci. Ranar kasuwar da hantsi na ɗauko kaset ɗin zan goge, sai na hango dattijon can bakin hanya yana tahowa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, kamar mai zuwa gidan surukai. Na ce, "Gambo, kai dai ba ka da arziki a gaba." Kafin ya iso na kwance kusoshin kaset da bakin wuƙa, na juya zaren da yatsa har daidai inda uwar ke ajiye tukunya, na sa reza na datse. Sauran, masu buhu da kururuwa da jini, na warware shi na jefa a kwandon shara. Daga baya yaran tasha suka kwashe suka yi ta ɗaura wa kekunansu.

Da azahar an sha fama. Mutanen Gabi suka zage ni tas. Adamu ya ce ko dai rana ta taɓa ni. Na saka musu karate na gaskiya, suka kalla suna tsaki. Shekara da shekaru ana ba da labarin wautata a tasha, ban taɓa faɗa wa kowa dalili ba sai bayan rasuwar Baba Tanko, Allah ya jiƙansa.

Amma hantsin ranar nake son ku ji. Baba Tanko ya zauna a kujerarsa, na tada inji. Matar ta yanka albasarta. Yarinya ta yi rigimarta. Aka wanke hannu, aka zauna, uwar ta ajiye tukunya. Na ga ya fara ɗaga hannu kamar kullum, kafaɗarsa ta ɗaure, yana jiran bugun ƙofa. Bidiyo ya yi ƙas, tele ta koma shuɗiya. Ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya dube ni, ya dubi kwandon shara, ya gane. Hawaye ya bi gemunsa, bai share ba.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Yau dai an bar su sun ci abincinsu."