Wanda Ya Kulle Akwatunan Wasiƙu

“An hana izini.” Karo na tara ke nan kwamfutar tana watsa wa Injiniya wannan amsa. Ɗakin na'urorin sanyi ƙalau, amma rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Yau Laraba, kwana uku babu imel ko ɗaya da ya shigo ofishin. Akwatunan wasiƙun ma'aikata duk suna kan babban faifai guda da kowa ke shiga ta netwok. Na'urar da ke raba wasiƙu kan zo ta ajiye wa kowa tasa, yanzu kuwa faifan ya ƙi ta, sai ka ce bai taɓa ganinta ba.

Jiya a taro, da Manaja ya matsa, Injiniya ya yi wuf ya ce, “Ai Kawu ne ya taɓa faifan ranar Litinin.”

Kawu fa! Dattijon da duk ofishin ke kira Kawu, wanda ya kawo shi aikin nan, ya koya masa tun daga haɗa waya. Nan take aka ba dattijon takardar tuhuma, yau da azahar kuma za a dakatar da shi.

Da dabara ta ƙare, Injiniya ya buɗe rajistar faifan, inda ake ganin wanda ya canza me. Juma'a, biyar saura. Ba sunan Kawu ba ne.

Nasa ne. Wayyo, ya tuna! Ya nemi aiki a wani kamfani a ɓoye, yana tsoron kada Kawu ya ga amsar, shi ne ya kulle akwatinsa. Garin saurin tashi bai ƙarasa rubuta sunansa a ƙarshen umarnin ba, ashe akwatunan kowa ya garƙame, har mai raba wasiƙun ya kora.

“Ka karya kuwa?” Kawu ne a bayansa, riƙe da kofin shayi biyu. Ya ajiye masa ɗaya, ya ɗan leƙa allon. Ko gezau.

“Kawu...” in ji Injiniya. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

“Tun jiya da safe na gani,” in ji dattijon. “Na ce bari ka gano da kanka ka gyara, shike nan. Ban zaci taron zai kai can ba.”

“Kuma ka yi shiru ina shafa maka baƙin fenti?”

“To in ce me a gaban Manaja? Ni wata huɗu ya rage mini in yi ritaya. Kai matarka jego take yi. Gyara kawai, ɗana, shayinka na hucewa.”

Layi ɗaya Injiniya ya rubuta. Minti bai cika ba aka ji ihun sakatariya daga falo: “Sun shigo! Wallahi Injiniya ba dama!”

Ya buga shafin rajistar a takarda ya miƙe.

“Kai, zauna mana!” in ji Kawu.

Bai juyo ba. A falo har da masu tafa masa, shi ko kansa na ƙasa. Manaja ya tare shi a ƙofa da fara'a, ya miƙo hannu.

“Ga mutumina! Da babu kai da mun shiga uku.”

Injiniya ya sa masa takardar a hannun.

“Ranka ya daɗe, kafin a kira Kawu, duba sunan da ke layi na uku.”