Aiki da Godiya

Tun farkon damina aka sallami Baba Makau daga ofishin da yake masinja a Anka, amma bai fasa fita ba. Kullum da safe sai ya sa rigarsa mai guga ya hau keke, matarsa Habsu ta yi masa a dawo lafiya. A gindin wata darbejiya bayan kasuwa yake wuni, sai la'asar ya koma gida.

Ciwon kai ne ya kai shi ƙaramin asibitin unguwarsu. Sista Philomena, wadda ta daɗe a garin har bakinta ya koma na Zamfarawa, ta ɗaura masa abin awo a damtse.

"Baba, ina aiki?"

"Aiki da godiya," ya amsa, yadda kowa ke amsawa.

Jininsa ya hau sosai. Ta ba shi magani, ta ce ya rage wahala, ya roƙi hutu a ofis. Ya ce to.

Da ya dawo awo, jinin ya ƙara hawa. Gabansa ya faɗi, don da haka yayansa ya fara kafin ɓarin jikinsa ya shanye.

"Baba, kai ba ka jin magana!" in ji Philomena, tana jawo jakarta. "Bari in tai ofishin naku da kaina, in ga mai hana tsoho hutu."

Makau ya yi dariyar yaƙe.

"Zamna, ɗiyata. Hutun ne ka kashe ni. Sun sallame ni, ko Habsu ba ta sani ba."

Ta ajiye jakar a hankali. Ta tambaye shi barci, ya ce rabi-rabi. Ta tambaye shi wa yake gaya wa damuwarsa.

"Darbejiya," in ji shi.

"To darbejiya ba ta yi maka miya. Maganin nan ba zai yi aiki ba kana ɗauke da wannan kai kaɗai. Ran Laraba ku taho da Inna Habsu. Ni zan yi mata zancen rage gishiri, sauran kai za ka faɗa mata."

Ranar tun kafin azahar ya shiga gida. Habsu na tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago kai.

"Malam, lafiya da rana tsaka?"

Ya jingine keken, ya jawo tabarma kusa da ita ya zauna.

"Aje rariyar nan, Habsu. Magana gare ni."