Nuna Min da Yatsa

A asibitin jami'ar, ba mai ganin likita sai ya bi ta teburin Sista, babbar nas ɗin wurin. Tebur ne na ƙarfe a bakin baranda, da ma'aunin zafi tsaye a cikin kofi, da na'urar awon jini wadda robarta ta sha ɗauri. Bayan kujerarta akwai ƙofofi biyu. Ta dama ta likita ce. Ta hagu ta wata matashiya ce da aka kawo bara, mai sauraron ɗaliban da damuwa ta yi wa yawa. An rubuta "Mai Ba da Shawara" a jikin ƙofar, amma ɗalibai, da yake bakinsu ba linzami, "ɗakin kuka" suke ce wa wurin.

Ita ma Sista ba su bar ta haka ba, "Nuna-da-Yatsa" suka raɗa mata. Ta san da sunan, kuma bai dame ta ba. Ta tsufa a aikin nan, ta ga ƙarya iri-iri, musamman in jarrabawa ta ƙarato. Sai ka ga ƙato ya shigo yana dafa bango, yana nishi kamar mai naƙuda, alhali takardar hutu kawai yake nema. Shi ya sa ta fito da tata dabarar. Duk wanda ya zauna gabanta, sai ta sauke tabarau ta ce, "Ina ke maka ciwo? Nuna min da yatsa." Mai ciwon gaske ba ya tsayawa tunani, hannunsa ya san hanya. Maƙaryaci kuwa sai ya yi ta lalube tsakanin ciki da kai. Wanda ya kasa nunawa, ta ba shi maganin ciwon kai, ta ce ya je ya buɗe littafi. Kuma a gaskiya dacewarta ta fi kuskurenta yawa, ko maƙiyinta zai shaida.

In ta koma gida, labarin ranar ne abin hirarsu ita da Auta, ɗanta na ƙarshe, wanda ke shekara ta biyu a wannan jami'ar. Yayyensa duk sun watse gidajensu, mahaifinsu ya rasu, saura su biyu.

"Yau wata ta zo min wai ranta ne ba daɗi," in ji Sista, tana zuba masa shayi. "Na ce to nuna min ran. Sai ta tsaya tana kallona. Yaran yanzu! Ga ci, ga sha, ga sutura, wai damuwa."

Auta ya yi dariya, ita ma ta yi. Ba ta lura da lokacin da dariyar tasa ta fara gajarta ba.

Abin da ta lura da shi, abin da idon nas ke gani ne. Wandonsa ya yi masa yawa. Abinci yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Yaron da ke cika gida da surutun ƙwallo ya koma sai "to" da "a'a". Ba ta yi sakaci ba, kada a ɗora mata wannan. Ta ɗebi jininsa da hannunta ta kai ɗakin gwaji, aka duba zazzaɓi, aka duba ƙarancin jini, aka duba duk abin da ake dubawa. Komai ya fito fes.

"Lafiyarka ƙalau," ta ce masa, har da jin daɗi. "Lalaci ne da kwanan waya. Ungo wannan, zai buɗe maka ciki."

Wata safiya ana dab da jarrabawa, baranda cike, ta ɗaga kai ta hango shi can ƙarshen benci, ya haɗa gwiwa, yana cikin layi kamar kowa. Ta yafito shi.

"Kai kuma fa? Ka sake mantawa da makulli ko?"

Ya buɗe baki. Idonsa ya wuce ta, ya sauka a bayanta. Ta ɗauka agogon bango yake dubawa. Ta zaro makullin gida daga jaka ta danƙa masa a tafin hannu.

"Tashi ka ba marasa lafiya wuri, uban 'yan mantuwa."

'Yan layi suka yi dariya. Ya tafi yana jan takalmi, ita kuma ta kira na gaba.

Bayan jarrabawa ne shugaban sashensu Auta ya tare ta a bakin asibiti. Mutum ne mai kunya, sai da ya gaishe ta ya sake gaishe ta kafin ya iya faɗa.

"Sista, yaron nan naki bai zauna ko takarda ɗaya ba. Na ɗauka kin sani. In akwai lalura, kuma asibiti ya shaida yana neman taimako, za a ɗaga masa shekarar. In babu, ni ba yadda zan yi, sallamarsa za a yi."

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Da rana tsaka ne, amma ɗakinsa duhu, labule a sake, iska ta mutu a ciki. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Kullum da safe yakan saɓa jaka ya fita, ashe zagayawa yake, in ta tafi ya dawo ya kwanta.

Ta yi faɗa, faɗan da tsoro ke sa uwa. Ta ambaci mahaifinsa, ta ambaci wahalarta, ta ambaci idon jama'a. Da ta gaji ta zauna a bakin katifar, sai bakinta ya koma hanyar da ya saba.

"To me ke damunka? Ina ke maka ciwo? Nuna min."

Ya tashi zaune a hankali. Ya ɗaga hannu, yatsan ya tsaya a iska, ya nufi ƙirji, ya nufi kai, sannan hannun ya faɗi kan cinyarsa.

"Kin gani ko, Umma? Na sha gwadawa ni kaɗai a ɗakin nan, don in kin tambaye ni in sami abin nunawa. Babu. Kawai na gaji ne. Ko wanka sai na yi shawara da kaina."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ranar nan da kika ba ni makulli, nawa yana aljihuna. Ƙofar hagun nan ta bayanki na zo shiga. Na daɗe ina tara ƙarfin zuwa. Na san sai an bi ta wurinki, amma na ce ko Allah zai sa in tarar kin tashi."

Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, sannan baƙin ciki ya biyo baya ya danne kunyar. Ta tuna hirarrakinsu na shayi. Duk ɗalibin da ta kwaikwaya don ta ba shi dariya, ashe yana zaune yana jin yadda za a kwaikwaye shi.

"Gobe da kaina zan kai ka," ta ce. "Ni zan buɗe maka ƙofar."

"A'a, Umma."

"To me kake so in yi? Faɗi, ko mene ne."

Ya sunkuyar da kai. "Kada in tarar da ke a wurin. Shi ke nan."

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta ƙwanƙwasa ƙofar hagu, wadda ba ta taɓa shiga ba, ta sami matashiyar da takan zolaya da cewa ana biyan ta albashin hira. Kujeru biyu ne a ɗakin da kwalin takardar share hawaye. Ta faɗa mata komai a tsaye.

"In ya zo, za ki gaya min?"

"A'a, Sista, ki yi haƙuri. Ko ya zo ko bai zo ba, daga bakinsa za ki ji."

Ta so ta ce ita ce fa ta haife shi, sai ta haɗiye. Ta fito ta kira wata ƙaramar nas ta zaunar da ita a kujerarta.

"Wanda duk ya ce ƙofar hagu yake so, kada ki tambaye shi komai. Ki nuna masa hanya kawai."

Daga nan ta shige ɗakin ajiyar magani, ta turo ƙofa, ta zauna kan kwali. Ba taga, sai warin roba da na maganin wanke rauni. Baranda ta fara cika. Tana jin tari, tana jin gaisuwa, tana jin benci yana ƙara. Ta kasa kunne ko za ta ji jan takalminsa, amma ashe rabin ɗaliban nan haka suke jan ƙafa, ita ce ba ta taɓa saurara ba. Can ƙofar hagu ta yi kukan da takan yi, ta rufe. Ko shi ne, ko ɗan wata ne, oho. Hannunta ya kai kan mariƙin ƙofa, ta janye shi.

Aka ƙwanƙwasa a hankali, ƙaramar nas ta leƙo.

"Sista, lafiya kuwa? Fuskarki duk ta canza. Ina ke miki ciwo?"

Sista ta ɗaga hannu. Yatsan ya daɗe a tsaye bai sauka ko'ina ba.

"Koma bakin aikinki," ta ce. "Ja min ƙofar."