Kujerar Gwaggo Ermelinda

Fulvio na riƙe da ƙofar mota, Gwaggo Ermelinda tana fitowa da ƙyar, tana tsine wa wanda ya ƙera mota a durƙushe haka.

"Hannu kawai za ki ɗaga, Gwaggo. In na ɗaga, ki ɗaga."

"Na ji, sarkin surutu. Karɓi jaka."

Doka ce ta tilasta wa kamfaninsu na tumatirin gwangwani sanya mata a hukumar gudanarwa, saura kujera guda ba a cike ba. Wata biyu Fulvio, shugaban kamfanin, yana neman macen da ba za ta sa shi ciwon kai ba, sai ga ƙanwar mahaifinsa a talabijin wata Lahadi. An tare ta a kasuwar garinsu, Nocera, ana jin ra'ayin jama'a, ta nuna kyamara da jelar kifi ta ce, "Dokar nan shirme ce, mata za ta cuta." Washegari ya kai mata takarda.

Yau yake bukatar hannunta. So yake a rufe tsohuwar masana'antar garin, a mayar da aikin arewa. Uku na so, har da shi, uku sun ƙi.

Aka zo ƙuri'a. Fulvio ya ɗaga hannu, ya yi tari, ya ƙara tari. Gwaggo na ɓare lemo abinta. Da aka kira masu adawa, sai ga hannunta sama, har da ɓawon.

Suna shiga mota ya fashe.

"Haba Gwaggo! Ba ke kika ce dokar shirme ce ba?"

"Shirme ce mana. Shekara arba'in ni da uwarka muna juya kamfanin nan daga bakin tukunyar miyar Lahadi. Ubanka ya mutu da farin cikinsa, yana zaton shi ke yanke shawara. Da an bar ni a kicin, da kai ma ka tashi daga kan taliya kana rantsuwa kai ka ga dacewar barin masana'antar a buɗe. Yanzu dubi, sai da na kunyata ka a gaban mutane."

Fulvio ya tayar da mota. Sai a mahaɗar hanya ya tuna Lahadin nan da aka nuno Gwaggo. Yana tsakiyar cin abinci, bai ko kalli talabijin ba. Matarsa ce ta tashi ta ƙara murya.